Senote: Yadda ake iyo a kogunan ƙarƙashin ƙasa na Meksiko

Mai karatu, idan ka buɗe taswirar ƙasar Meksiko ka duba kudu maso gabas, za ka ga wani yanki ya miƙe cikin teku kamar babban yatsa. Sunansa Yukatan. Ƙasa ce mai daji, tana samun ruwan sama sosai da damina, amma za ka tashi daga birnin Kankun har ka isa Merida, tafiyar kimanin kilomita 300, ba ka hau gada ko ɗaya a kan kogi ba. To ina ruwan yake tafiya? Yana nan ƙarƙashin ƙafarka. Kogunan wannan yanki a cikin dutse suke gudu, ba a ganinsu sai inda rufinsu ya rufta ya bar rami. Wannan ramin shi ake kira senote, kalmar da Turawan Sifen suka aro daga harshen mutanen Maya, 'yan asalin wurin. Akwai dubban irin waɗannan ramuka, kuma a yau matafiya daga ko'ina cikin duniya suna zuwa yin iyo a cikinsu, da yawa tare da 'ya'yansu.

Ko kana da niyyar zuwa ko ba ka da ita, akwai abin ƙaruwa a yadda ake gudanar da wannan yawon. Duk dokar da ja-gora zai gindaya maka a bakin senote tana aiki biyu: tana kare ka daga ruwan, tana kuma kare ruwan daga gare ka, domin ruwan da kake shirin shiga shi ne ruwan shan miliyoyin mutane.

Yadda ramukan suka samu

Ƙasan Yukatan farin dutse ne, irin wanda ake haƙa a yi siminti da shi. Ruwan sama idan ya haɗu da iska da ruɓaɓɓen ganye yakan ɗan yi tsami, sai ya riƙa cin dutsen a hankali. Cikin dubban shekaru ya huda hanyoyi da ɗakuna da dogayen lunguna. A zamanin da ƙanƙara ta mamaye sassan duniya, ruwan teku ya ja da baya da fiye da mita 100, kogwannin nan suka bushe. A lokacin ne ruwa mai ɗiga daga rufi ya gina tsinin duwatsun da za ka ga suna reto kamar haƙora, wasu kuma sun taso daga ƙasa sun haɗe da na sama sun zama ginshiƙai. Da ƙanƙarar ta narke, teku ya dawo, ruwa ya cika kogwannin ya bar adon a ciki.

A kewayen Merida kuwa, ramukan sun jeru kamar rabin zobe. Masana sun gano cewa suna bin gefen wani ƙaton rami ne da ke binne, wanda wani dutse daga sararin samaniya ya yi lokacin da ya faɗo shekara miliyan 66 da suka wuce, kusa da inda garin Chicxulub yake a yanzu. Faɗin ramin ya kai kimanin kilomita 180, kuma faɗuwar dutsen ce ake dangantawa da ƙarewar manyan dabbobin nan da ake kira dainoso.

Tsawon kogunan ma abin mamaki ne. A watan Janairun 2018, masu nutso suka tabbatar cewa kogon Dos Ojos da na Sac Actun, kusa da garin Tulum, a haɗe suke, tsawonsu gaba ɗaya kilomita 347. Maƙwabcinsu Ox Bel Ha ya haura kilomita 400, kuma har yanzu ana gano sabbin lunguna a cikinsa.

Rijiyoyin mutanen Maya

A ƙasar da ba kogi a sarari, duk inda senote yake nan gari yake kafuwa. Sunan shahararren birnin nan na tarihi, Chichen Itza, ma'anarsa bakin rijiyar mutanen Itza. Mutanen Maya na da sun ɗauki waɗannan ramuka a matsayin ƙofar wata duniya da ke ƙasa, kuma mazaunin abin bautarsu na ruwan sama da suke kira Chaac. Tsakanin 1904 da 1910 wani Ba'amurke mai suna Edward Thompson ya yashe babban senoten Chichen Itza, ya fito da zinariya da duwatsun ado da turare da ƙasusuwan mutane. Wannan ramin ba a iyo a cikinsa, kallo kawai ake yi daga sama.

A 2007 kuma wasu masu nutso suka tarar da ƙasusuwan wata yarinya 'yar shekara 15 zuwa 16 a wani rami mai zurfi da ake kira Hoyo Negro, cikin Sac Actun. Aka sa mata suna Naia. Ta rayu kimanin shekara 12,000 zuwa 13,000 da suka wuce, lokacin da kogon yake a bushe, kuma masana na ganin neman ruwa ne ya shigar da ita cikin duhu ta faɗa ramin. Wato tun fil azal wurin nan yana shayar da mutane, yana kuma cin wanda ya shige shi bai san hanya ba.

Irin wuraren da za a kai ka

Senote iri-iri ne. Akwai buɗaɗɗe, wanda rufinsa ya rufta gaba ɗaya ya zama kamar tafki a tsakiyar daji. Akwai wanda yake kamar ƙatuwar rijiya, irin su Ik Kil da ke kusa da Chichen Itza: sai ka sauka matakala kimanin mita 26 kafin ka taɓa ruwa, saiwoyi da ganyaye suna reto daga baki har ƙasa, zurfin ruwan kuma ya kai mita 40. Akwai mai rabin rufi kamar Gran Cenote kusa da Tulum, inda za ka yi iyo tare da ƙananan kunkurun ruwa, jemagu suna shawagi a samanka. Sannan akwai kogo sosai, wanda rana ba ta taɓa leƙawa ba, kamar Rio Secreto kusa da Playa del Carmen. Irin wannan na ƙarshe ba a shigarsa sai da ja-gora.

Yadda yawon yake tafiya

Galibi mota ce za ta ɗauke ku daga masauki ta shiga daji da ku. Abu na farko da za a ce ka yi shi ne wanka da ruwa zalla a famfon da aka tanada, don a wanke mai da turare da maganin sauro da man kare fata daga rana. Ba raini ba ne. Ruwan kogo ba ya sauyawa da sauri kamar na kogin sarari, abin da ya fita daga jikin mutum ɗari a yini yana daɗewa a ciki.

Daga nan a ba ka kayan aiki: rigar hana nitsewa, hular kwano mai fitila a goshi, takalmin roba, a wasu wuraren har da rigar roba mai kama jiki don sanyi. A wasu wurare wani dattijon Maya yakan turara turare a bakin kogon, bisa al'adarsu ta neman izinin shiga. Ana raba mutane ƙananan rukuni, kusan goma-goma, kowane rukuni da ja-goransa, kuma zai ƙirga ku kafin shiga, ya sake ƙirgawa a hanya.

Da ka sa ƙafa za ka ji sanyi ya ratsa ka. Zafin ruwan yana tsayawa wajen digiri 24 zuwa 26 duk shekara, ga wanda ya fito daga zafin daji kuwa wannan kamar ruwan randa ne da asuba. Za ku bi layi, wani wuri ruwa iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji, wani wuri kuma ƙafa ba ta kaiwa ƙasa, sai ka kwanta rigar ta ɗauke ka. Akwai inda rufi zai sauko har sai ka sunkuyar da kai, akwai inda zai buɗe ya zama ɗaki kamar zauren taro. Ja-gora zai hana ka taɓa tsinin duwatsun, saboda maiƙon hannu yana hana su ci gaba da girma, kuma abin da ruwa ya shekara dubbai yana ginawa gwiwar hannu ɗaya ta isa ta karya shi.

A tsakiyar tafiya, ja-gorori da yawa sukan ce kowa ya kashe fitilarsa ya yi shiru. Duhun da zai rufe ka ya wuce na ɗauke wuta da dare, ko tafin hannunka ba za ka gani ba, ba abin da za ka ji sai ɗigar ruwa. Minti ɗaya ko biyu ne kawai, amma ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa ake cewa da ɗan gari akan ci gari. Idan fitila ta mutu a nan, kai kaɗai ba za ka san inda ƙofa take ba.

Iyo daban, nutso daban

Ka bambance abubuwa uku kafin ka biya kuɗi. Na farko iyo a saman ruwa da rigar hana nitsewa, wani lokaci da tabarau na ruwa da bututun shaƙar iska. Wannan ne ya dace da iyali. Na biyu nutso da tukunyar iska a bakin kogo, inda hasken rana bai ɓace ba. Wannan sai mai takardar shaidar koyon nutso, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce ja-gora ɗaya kada ya wuce mutum huɗu, kowa yana bin igiyar da aka shimfiɗa. Na uku kutsawa can cikin kogo, wanda aikin ƙwararru ne da suka yi horo na musamman.

A iyakar na biyu da na uku akwai allunan gargaɗi a ƙarƙashin ruwa, da hoton ƙwarangwal riƙe da lauje. Ba ado ba ne. A cikin kogo ba ka da damar tasowa sama idan abu ya ɓaci, dutse ne a kanka. Bugun ƙafa ɗaya na ganganci yana tayar da laka ta rufe ido ƙirin. Shi ya sa masu nutson kogo suke raba iskarsu uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Duk ja-goran da ya ce zai ɗan wuce da kai bayan allon don ka ga wani abin sha'awa, ka ce masa ka gode.

Hasken ruwan shi ne tarkonsa

Ruwan senote ya bi ta cikin dutse ya tace, garai-garai yake kamar gilashi. Wannan kyan shi ke yaudarar ido. Dutsen da kake hange kamar za ka taka shi yana iya kasancewa mita goma a ƙasa. Haka kuma ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar ruwan gishiri, don haka wanda ya saba iyo a teku zai fi saurin gajiya a nan. Gefen ramukan da yawa a miƙe yake kamar bango, babu tudun da za ka rarrafa ka fita sai matakala. Saboda haka kada girman kai ya hana ka sa rigar hana nitsewa, ko da ka iya iyo. A wurare da dama ma dole ce.

Kada ka yi tsalle sai inda aka ware, kuma sai ka ga wanda ya riga ka ya kauce. Matakalan kullum a jiƙe suke, santsinsu ya isa ya karya mutum tun bai kai ga ruwan ba. Uwargida kuma ki lura da sutura: doguwar riga mai faɗi ko mayafi sukan sha ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa ko su maƙale a dutse. Akwai kayan iyo masu rufe jiki duka da aka ɗinka don wannan, su za ki nema tun daga gida.

Yara

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne nitsewa ba ta da ihu. Yaron da ruwa ke ci ba ya samun numfashin da zai yi kira, yakan tsaya a miƙe ne, baki na shiga ruwa yana fita, cikin ƙanƙanin lokaci ya ɓace. Ja-gora yana da mutum goma a gabansa, kai kuwa ɗanka ne a gabanka. Ka tsaya inda hannunka zai kai gare shi, a kuma ware babba ɗaya wanda ba ya ɗaukar hoto, aikinsa kallon yara kawai.

Ka gwada rigar yaron: ka kama ta a kafaɗa ka ɗaga, idan ta zame ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa, a canja. Yara sun fi manya saurin ɗaukar sanyi, da ka ga leɓe ya canja launi ko jiki na karkarwa, a fito da shi a goge shi a rufe. Ka tambayi mafi ƙarancin shekarun da wurin yake karɓa, kuma kada a tilasta wa yaro mai tsoron duhu shiga kogo. Firgita a wuri matsattse tana jefa rukuni gaba ɗaya cikin haɗari.

Waɗanda ya kamata su fara ganin likita

Mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai asma da mai hawan jinin da bai daidaita ba su nemi shawarar likita kafin tafiya, su kuma gaya wa ja-gora gaskiya a takardar da za a ba su su cike. Mai juna biyu ba ta nutso da tukunyar iska. Wanda ya yi irin wannan nutson kuma ba ya hawa jirgin sama nan take, ana so ya jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 ko fiye idan ya maimaita, masu koyarwa da yawa ma sukan ce a cika yini guda.

Hasken ruwa ba shaidar tsabta ba ne. Gwaje-gwaje sun sha gano ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida a wasu senote da ke kusa da garuruwa, don haka kada ka haɗiyi ruwan, kada mai gudawa ya shiga, kada kuma ka shiga da buɗaɗɗen rauni. Ta rauni ne cutar leptosipirosis, wadda ake ɗauka daga fitsarin ɓera da wasu dabbobi, take samun hanya, musamman bayan ruwan sama mai yawa. Busasshen kashin jemage yana iya ɗauke da ƙwayar da ke kama huhu idan an shaƙi ƙurarsa, sai a guji tona shi, mai raunin garkuwar jiki kuma ya haƙura da rufaffen kogo. Bayan fitowa a tsane kunne sosai. Idan zazzaɓi ko tari ya taso cikin makonni uku da dawowa, ka gaya wa likita cewa ka shiga ruwan kogo, kada a tsaya a kan maleriya kawai.

A hanyar daji ma akwai abin kiyayewa. Wata bishiya da suke kira chechen tana da baƙin ƙaro mai ƙona fata, kada ka jingina da bishiyar da ba ka sani ba. Akwai sauro mai yaɗa zazzaɓin dengi, sai ka shafa maganinsa bayan ka fito daga ruwa.

Ruwan shan mutane ne

Kusan duk ruwan da mutanen yankin suke sha daga wannan taska ta ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma da yake kogunan a haɗe suke, dattin da ya shiga nan yana iya ɓulla can. A garin Homun, inda iyalai da yawa suke ci daga kai baƙi senote, wasu yara 'yan Maya shida sun kai ƙara kotu kan wata gonar aladu 49,000 da aka gina kusa da su. Kotu ta dakatar da gonar a 2018, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da dakatarwar a 2021. Haka nan an yi ta ce-ce-ku-ce kan layin dogo na Tren Maya da aka fara buɗewa a Disambar 2023, bayan masu nutso sun nuna hotunan ginshiƙan ƙarfe da siminti da suka huda rufin wasu kogwanni tsakanin Playa del Carmen da Tulum.

Kai baƙo, naka rabon a wannan kariya ƙarami ne amma yana da tasiri. Ka yi wankan da aka ce, kada ka yi fitsari a ruwa, ka fita da duk abin da ka shigo da shi. Idan da hali ka kai kuɗinka wuraren da mutanen ƙauye suke tafiyarwa da kansu, kamar Yokdzonot kusa da Chichen Itza, wanda ƙungiyar mazauna garin, yawancinsu mata, suka share suka gyara.

Kafin ka biya

Matambayi ba ya ɓata. Ka tambaya mutum nawa ne a rukuni, ko ja-goran ya koyi ceton rai da taimakon gaggawa, ko akwai rigar hana nitsewa daidai yara, minti nawa za a yi a cikin ruwa, da kuma nisan asibiti mafi kusa. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Lokacin rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu, ya fi daɗin zuwa, domin daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne. Ka je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin, ka kuma riƙe tsabar kuɗin ƙasar, wato peso, don ƙananan wurare ba duka suke karɓar kati ba. Meksiko tana da ofishin jakadanci a Abuja, can za ka tabbatar da batun biza kafin ka sayi tikiti.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kai ko yaranka ba ku iya iyo ba, a fara koya tun yanzu a wurin da ke da mai koyarwa da mai tsaro. Ko ba a taɓa zuwa Yukatan ba, wannan ilimin zai yi amfani a bakin teku a Legas, a cikin kwalekwale a kan Neja ko Binuwai, da bakin kududdufin bayan gida da damina.

Idan kuwa tafiyar ta yiwu, ranar da ka tsaya a bakin matakala, ja-gora ya nuna maka famfo ya ce ka fara wanka, ya miƙo maka riga ya ce ka ɗaure ta tam, ka yi duka biyun ba musu. Rijiyar mutane za ka shiga, kuma ta fi yadda kake hangen ta zurfi.